Batirin Babur: Suma Ne Ko Mutuwa?

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan wani ɗan akwati ne wanda bai fi sandar sabulu biyu girma ba. Yana ɓoye ƙarƙashin sirdin babur ko a gefensa, ba mai tunawa da shi sai ran da ya ƙi aiki. Watau batir.

A garuruwa kamar Tamale da Bawku a Ghana, da Garwa da Marwa a Kamaru, da Injamena a Cadi, babur ya gaji jaki da doki. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai mai naƙuda asibiti, da shi kuma dubban samari ke neman abinci, waɗanda a ke kira 'yan acaɓa a Nijeriya, 'yan kabu-kabu a Nijar, 'yan kilando a Cadi. Ga irin waɗannan mutane, safiyar da aka murɗa makulli fitila ba ta kama ba, ham bai yi ko tari ba, ba ƙaramar safiya ba ce, gama cefanen yini ne ya tsaya. Nan da nan sai a ce batir ya mutu. Amma masana lantarki sun bambanta batirin da ya mutu da wanda ya suma kawai. Abin da ke raba su kuwa, galibi, ba kome ba ne illa yawan kwanakin da aka bar shi kwance babu wuta a cikinsa.

Kafin a gane dalilin haka sai an leƙa cikin akwatin. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté shi ya ƙago irin wannan batir cikin 1859. Cikin 1881 wani ɗan ƙasarsu, Camille Faure, ya gyara yadda a ke yin farantan da ke ciki, har abin ya yi sauƙin ƙerawa da yawa. Tun daga lokacin an canja siffa, an canja akwati daga katako da gilas zuwa roba, amma asalin aikin yana nan yadda suka bar shi. Cikin batirin babur na yanzu akwai ɗakuna 6. Ko wane ɗaki yana da farantan dalma iri biyu, ɗaya toka-toka ɗaya ƙasa-ƙasa, an jera su kusa da juna ba tare da sun taɓa juna ba, an nutsar da su cikin ruwan batir. Ruwan nan gauraye ne na ruwa da wani asid mai ƙarfi wanda a ke yi daga farar wuta. Ko wane ɗaki yana ba da ƙarfin bolt 2.1, in aka haɗa shida sai a sami bolt 12.6. Sunan nan bolt an samo shi daga Alessandro Volta, mutumin Italiya wanda ya yi batir na farko cikin 1800.

Mutane da yawa suna tsammani batir kamar tulu ya ke, ana zuba masa lantarki ana tsiyayewa. Ba haka ba ne. Sa'ad da batir ke ba da wuta, asid ɗin da ke cikin ruwa shi ke fita ya haɗu da dalma, su zama wani farin gishiri wanda ke lulluɓe farantan duka biyu. Masana suna kiran wannan gishiri salfet. Ruwan da ya saura sai ya yi ta tsinkewa har ya kusa zama ruwa zalla. Ana iya auna wannan: lita guda ta ruwan cikakken batir tana da nauyin kilo 1.27 ko kusa da haka, amma ta batirin da ya ƙare ba ta wuce kilo 1.12. In aka sa caji sai aikin ya koma da baya, gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa, dalma ta koma yadda ta ke.

To, a nan gizo ke saƙar. Gishirin nan, sa'ad da ya ke sabo, laushi gare shi kamar gari, caji yana narkar da shi ba wahala. In aka bar shi kwana da kwanaki sai ƙwayoyinsa su haɗu, su girma, su taurare. Ko wace uwargida ta san bambancin tukunyar tuwo da aka jiƙa a daren da aka kwashe, da wadda aka bari har ƙanzo ya kama. Haka farantan batir su ke. Gishirin da ya taurare ba ya barin lantarki ya ratsa shi, kuma duk wurin da ya rufe a jikin faranti ya fita daga aiki. Sabo da haka batirin da aka manta da fitila a kunne ya tsotse shi daren jiya, suma ya yi, kusan kullum ya kan farfaɗo. Wanda ya yi mako biyu ko uku a haka ya kan tashi, amma da ɗingishi. Wanda ya yi wata uku ko huɗu kuwa, da wuya a ga amfaninsa kuma.

Zafi yana gaggauta wannan ɓarna. Ko ba a taɓa batir ba, yana cin kansa da kaɗan kaɗan, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata inda iska ke da sanyi-sanyi. Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, wannan ci ya kan kusa ninkawa, kwanan batirin kuma ya ragu da kusan rabi. A Injamena da Hartum zafin bazara yana wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin sirdin babur da aka jingine a rana, ko cikin shago mai rufin kwano. Mutumin da ya kulle babur ɗinsa a irin wannan ɗaki ya tafi aikin hajji, ko ya tafi gida noman damina, ba abin mamaki ba ne ya komo ya tarar da batir shiru.

Waɗanda ke zaune a Ingila da arewacin Amurka nasu ciwon daban ne. Can mutane su kan ajiye babur tun daga Nuwamba har Maris sabo da sanyi. Ruwan cikakken batir ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri. Na batirin da ya ƙare, da ya ke ya kusa zama ruwa zalla, yana zama ƙanƙara tun daga wajen digiri 7 zuwa 10 ƙasa da sifiri, ya kumbura, ya fasa akwati ko ya lanƙwasa faranti. Batirin da ya daskare ba a sa masa caji sai ya narke sarai.

Yaya za a san ko suma ne ko mutuwa? Da ido a ke farawa. A cire batirin daga babur, a fara kwance baƙar waya, wadda ke kan mai alamar ɗebewa, sa'an nan ja, mai alamar tarawa. Dalilin wannan jeri shi ne baƙar waya a jikin ƙarfen babur a ke ɗaure ta. In aka fara da ja, sifana ta taɓa ƙarfe, sai tartsatsi ya tashi. In an ga akwatin ya kumbura, ko ya tsage yana yoyo, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, magana ta ƙare, ba a ɓata lokaci a kansa. In jikinsa lafiya, sai a ɗauko mita, irin wadda ko wane mai gyaran rediyo ke da ita, a auna bayan batirin ya huta kamar sa'a guda. Bolt 12.6 ko fiye, cike ya ke. Bolt 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12, saura kaɗan. Ƙasa da 10.5, ya tsotse ƙarƙaf. Amma kada ƙanƙantar lamba ta sa a yanke ƙauna tun da wuri. Batirin da ya nuna bolt 5 yau, alhali jiya lafiya lau ya ke, ya fi wanda ya nuna 11 bayan wata huɗu a ɗaki alamar tashi.

In batirin mai murafai ne a sama, sai a duba ruwansa. In farantan sun fito fili, a ƙara tataccen ruwa, watau wanda aka tara daga tururi, daidai yadda zai rufe su, a bar ciko sai bayan caji, domin ruwan yana hawa in batir ya cika. Ba a ƙara asid. Abin da ke tashi ya bi iska ruwa ne, asid yana nan, ko cikin ruwan ko manne a faranti. Wanda ya ƙara asid zai ga mita ta hau, ya yi murna, amma farantan za su cinye da sauri. Ruwan rijiya da na famfo kuma suna ɗauke da ƙarfe da gishiri iri iri masu ɓata batir. Akwai masu jefa ƙwayar asfirin ko gishirin miya a ciki wai don su tashe shi. Asfirin ba ya narkar da gishirin da ya taurare, gishirin miya kuwa yana haifar da iska mai guba in caji ya ratsa shi. Batirin da aka rufe ruf daga masana'anta, wanda ruwansa ke jiƙe cikin auduga ta gilas, shi ba a buɗe shi ko kaɗan.

Sa'an nan sai caji, kuma a nan ne batura da yawa ke gamuwa da ajalinsu a hannun masu son cetonsu. A jikin ko wane batir an rubuta yawan abin da ya ke iya ɗauka. Na ƙananan babura, irin waɗanda a ke haya da su, ya kan ɗauki tsakanin 4 da 7 na ma'aunin da a ke kira amfiya a sa'a. Na mota yana ɗaukar 45 zuwa 70. Ka'idar da masu ƙera batura suka bayar ita ce a ba shi kashi ɗaya cikin goma na wannan lamba. Watau mai lamba 7 a ba shi amfiya 0.7, a bar shi sa'a 10 zuwa 12. Injin cajin mota yana tura abin da ya ninka wannan sau biyar ko sau goma. Ɗan batir ya kan ɗauki zafi, ruwansa ya tafasa, farantansa su karkace, abin da aka shafe su da shi ya zube. Mai babur da ya kai batir wurin mai caji a bakin kasuwa, ya tsaya a kansa yana cewa a yi maza cikin rabin sa'a, shi ya ɓata abinsa da bakinsa. Gara ya bar shi ya kwana a kan ƙaramar wuta. In an taɓa akwatin an ji ya fi ɗumi, ya kai zafi, sai a kashe a bar shi ya huce.

Akwai wani abin dariya game da cajojin zamani masu sarrafa kansu. Da yawa daga cikinsu, in batir ya yi ƙasa ƙwarai, ba su ganinsa sam, sai su ƙi kamawa kamar ba a haɗa musu kome ba. Mai shi sai ya ɗauka batir ya mutu. Dabarar da makanikai ke yi ita ce su haɗa shi da wani lafiyayyen batir mai bolt 12, ja da ja, baƙi da baƙi, na ɗan lokaci, suna tsaye a kai, har ƙarfinsa ya ɗan hau, sa'an nan caja ta gane shi ta ci gaba.

Wurin caji lalle ya zama mai iska. Batir na fitar da wata iska mai suna haidurojin, ba ta da launi ba ta da wari, kuma in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, ƙyastu ɗaya na ashana ko wutar taba ya isa ya fasa batirin a fuskar mutum. In ruwan batir ya taɓa fata ko ido, ba abin da a ke sa wa sai ruwa mai yawa, a yi ta kwarara har minti 15 ko 20, in ido ne kuma a nufi asibiti. Wanda ya zube a ƙasa, ko farin garin da ke taruwa a kawunan batir, ruwan kanwa yana kashe kaifinsa, sai dai kada ko ɗigo ya shiga cikin batirin.

Bayan caji sai jarrabawa, kuma ba ta yiwuwa da gaggawa, domin batirin da aka sauke yanzu yanzu ya kan nuna ƙarfin da ba nasa ba. A bar shi ya kwana. In da safe ya nuna 12.6, sai a mayar da shi, a danna sitata ana kallon mita. In lambar ba ta faɗi ƙasa da bolt 9.5 ko 10 ba, injin kuma ya juya da kuzari, batir ya farfaɗo. In ya nuna 12.6 amma da an danna sai ya zube, to, gishiri ya rufe yawancin farantan, saura ɗan wuri kaɗan ke aiki. In kuwa ya tsaya wajen 10.5 ya ƙi hawa, ɗaki ɗaya daga cikin shidan ya lalace. Wannan ya kan faru ne in ɓarɓashin faranti ya taru a gindi har ya haɗa farantan da bai kamata su haɗu ba, kuma girgizar hanya na taimaka masa. Tsohon ciwo ne wannan. Cikin 1914 kamfanin Indian na Amurka ya fitar da babur mai tashi da lantarki, amma baturan zamanin suka kasa jure aikin da hanyoyin, ba a daɗe ba aka daina yinsa, aka koma tayarwa da ƙafa shekaru da dama.

Wanda abin ya same shi a hanya ba zai jira kwana ba. Ƙananan babura masu kafireta da yawa suna samun wutar fulogi kai tsaye daga koyil, sabo da haka su kan tashi da kik ko da batir ya tsotse. Masu giya kuma ana tura su, a sa giya ta biyu, a saki kuloci. Amma babura na zamani masu injekta suna bukatar wuta don famfon mai da ƙwaƙwalwar injin, in batir ya ƙare ƙarƙaf ko an tura su har gumi ya karyo ba su tashi. Da yawa daga cikin waɗanda ba su da kuloci na hannu su ma ba a tura su. Ana iya aron wuta daga mota, muddin duka biyun bolt 12 ne, kuma injin motar a kashe ya ke. A haɗa ja da ja, sa'an nan baƙar waya daga motar zuwa ƙarfen babur nesa da batir da tankin mai. Sai dai tashin injin ba shi ne warkewa ba. Abin da ke yi wa babur caji an yi shi ne don ya riƙe cikakken batir, ba don ya cika wanda ya ƙare ba, kuma yawon cikin gari, tsaya nan tsaya can, ba ya ba shi abin kirki. Ran nan da dare ya kamata batirin ya kwana a kan caja.

Saura tambayar da aka fi mantawa da ita, watau me ya tsotse shi tun farko? Fitilar gaba mai wat 35 tana jan kusan amfiya 3, tana iya gama ƙaramin batir kafin sa'a biyu. Wannan a fili ya ke. Ɓarayin ɓoye su ne ƙararrawar tsaro, da na'urar bin sawun babur, da wurin cajin wayar hannu da aka ɗaura kai tsaye a kan batir ba ta makulli ba. Abin da ke jan kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya kawai, dare da rana, zai kwashe batir mai lamba 5 cikin mako uku. Har wa yau a auna batirin injin yana aiki an ɗan ba shi wuta. Ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. In bai kai ba, koyil ko na'urar da makanikai ke kira rektifaya ba ta ciyar da shi. In ya wuce 15, dafa shi a ke yi. Wanda ya sayi sabon batir bai duba wannan ba, kuɗinsa ya zuba a rariya, sabon zai bi sawun tsohon kafin wata ya zagayo.

In sayen sabo ya zama dole, a dubi lambar da ke jikin tsohon, a sami mai girma ɗaya, mai ɗaukar wuta daidai, wanda kawunansa ke gefen da ya dace. A nemi ranar da aka yi shi, gama batirin da aka riga aka zuba wa ruwa yana tsufa a kan kanta ko ba a saye shi ba. Wanda ya zo a bushe da kwalbar ruwansa daban, bayan an zuba a bar shi rabin sa'a ko sa'a guda farantan su sha, sa'an nan a yi masa cajin farko a hankali. In ba a yi ba, da kashi 75 zuwa 80 na ƙarfinsa zai fara aiki. A Ingila, tun daga Yulin 2018, doka ta hana sayar wa mutum asid mai ƙarfin nan in ba shi da lasin, don haka masu shago su ke zubawa kafin su miƙa. Wajen ɗaurawa ja a ke fara sa wa, baƙa daga baya, a shafa ɗan man basilin a kawunan, a ɗaure akwatin tam don kada ya riƙa tsalle. In za a yi doguwar tafiya, a cika batir, a kwance baƙar waya, a ajiye shi wuri mai sanyi, a bar wa wani amanar sa masa caji sau ɗaya a wata.

Yanzu akwai batura na litiyam, marasa nauyi, masu tsada. Ba dalma a cikinsu, ba su yin farin gishirin nan, amma tsotsewa ƙarƙaf tana ɓata su ta wata hanya, gama tagullar da ke ciki ta kan fara narkewa. Cajarsu daban ce, kuma wanda ya kumbura ba a sake sa masa wuta, domin yana iya kamawa da gobara.

Tsohon batirin dalma kuwa, fiye da rabin nauyinsa dalma ce, shi ya sa masu gwangwan ke sayensa. Dalma tana narkewa a sake yin sabon batir da ita, amma aikin masana'anta ne mai matatar hayaƙi, ba na tsakar gida ba. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, mutane sun yi shekaru suna fasa tsofaffin batura suna narkar da dalma a fili, har ƙasar wurin ta cika da ita. Daga baya mata suka shiga tankaɗe ƙasar a gidajensu suna tsince dalmar don sayarwa. Tsakanin Nuwamba 2007 da Maris 2008 yara ƙanana 18 suka rasu, binciken Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ya danganta abin da gubar dalma. Hukumar ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, ko kaɗan ne yana taɓa ƙwaƙwalwa. Sabo da haka batirin da ya tabbata ya mutu ba a zubar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, ba a fasa shi, ba a bar wa yara su yi wasa da shi. A ajiye shi a tsaye, murafansa a rufe, a mayar wa mai shagon da aka sayi sabon, da yawa daga cikinsu ma su kan rage wani abu daga kuɗin.